Launin da Yaya Ya Haddace

Shagon gyaran agogon yana tsakanin mai ɗinkin takalma da wani kanti da ake canza masa sana'a kusan duk shekara. Faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannuwa ya taɓa bango da bango ba. Mai shagon ya haura sittin, furfura ta cinye masa gemu, yana da jikoki, amma har yau Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma yayansa bai taɓa yarda a kira shi da wani suna a gabansa ba.

Da wayar hannu ta cika gari, mutane suka daina tambayar agogo lokaci. Aikin Auta ya koma canjin batir, sai jefi-jefi wani tsoho ya shigo rungume da agogon bango kamar mai kawo mara lafiya. Hannun da ya saba da aiki kuwa ba ya son zama. Sai Auta ya koma wa abin da ya bari tun yana yaro. A gidajen ma'aikata na bayan tashar kaya suka tashi shi da yayansa, inda taragai ke wuni a jere suna jiran a ja su. Sauran yara kan jirgin suke bi da ihu, mai hayaƙi da ƙara. Shi taragon kaya ne ya shiga ransa, wanda ba mai ɗaga masa hannu, ba mai leƙowa ta tagarsa don ba shi da ita.

Ya fara ƙera su a bayan kanta, ƙanana, tsawon tafin hannu. Jikin daga fallen roba mai kauri yake yankawa, ya goge gefe da magagari har sai ya zauna daidai. Tsani da maratayin hannu daga siririyar wayar tagulla yake lanƙwasawa da hantsakin agogo. Kan ƙusoshin da ke jere a jikin tarago kuwa ɗaya bayan ɗaya yake turo su daga baya da allurar da ya dakusar, madubin gyara maƙale a idonsa na dama. Ɗan sitiyarin birkin hannu daga cikin matattun agogo yake ciro shi. Ƙofar tana zugewa, ƙafafun suna juyawa. Da ya gama na farko ya shafa masa jan fenti mai sheƙi ya ɗora a kan kanta, yana jin kansa kamar wanda ya gina gada.

A ranar Yaya ya biyo ta shagon.

Yaya mai fenti ne, ba na gidaje ba. Tun yana saurayi ya shiga rumfar gyaran taragai, bai fito ba sai da ritaya ta fito da shi. Ƙato ne, muryarsa tana riga shi shiga wuri, kuma har yau akwai ja a gindin farcensa da sabulu ya haƙura da shi. Shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kama hannun Auta ya kai shi koyon gyaran agogo, shi ya tsaya masa a aure. Saboda haka idan Yaya ya ce duhu ya yi, Auta fitila yake nema ko da tsakar rana ce.

Ya ɗauki abin ya jujjuya, ya tambaya mene ne. Auta ya ce tarago ne.

"Tarago ko motar kashe gobara?"

Bai jira amsa ba, ya zura shi a aljihu ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da ya dawo da shi, Auta bai gane abinsa ba. Jan ya mutu ya koma na gaske, wanda rana ta gasa, ruwa ya daka. Rufin ya koɗe fiye da gefe. Tsatsa ta taru a ƙasan ƙofa inda ruwa ke kwanciya, maiƙo ya yi baƙi wajen ƙafafu, kuma daidai maratayin hannu akwai wani ɗan duhu na dattin tafin leburori. Har da wani falle guda da jansa ya fi na sauran sabunta, wai an taɓa yi masa faci. Auta ya daɗe yana kallo. A zuciyarsa ya ji kishi kaɗan, ya kuma ji daɗi mai yawa.

Haka suka raba aikin ba tare da sun zauna sun raba ba. Auta ya ƙera jiki ya kai gidan Yaya. Yaya ya yi fenti ya tsufar da shi a wani ɗaki na bayan gida da matarsa ta sallama masa don warin tina, ruwan tsinka fenti. Yana da allin da ya niƙa, da baƙin hayaƙin fitila, da tsatsar gaske da yake kankarowa daga ƙusoshin da ya jiƙa a gwangwani, da wasu burusai da gashinsu ya zube saura kaɗan, waɗanda idan aka ce za a zubar da su sai an ji muryarsa a bakin titi. Daga nan taragon ya koma shago, Auta ya sa masa lambobi da tsani da ƙafafu, ya bi shi da wani ruwa mara launi mara sheƙi da ke rufe aikin don kada hannu ya goge shi. Sannan ya dawo falon Yaya ya hau katakon da aka kafa a bango. Duk wata kuma suna ɗaukar sababbi su je saman wata maɗaba'a, inda wasu manyan mutane masu irin wannan ciwon suke haɗuwa su shimfiɗa ɗan layin dogo a kan dogon tebur. Akwai mai kantin magani, akwai tsohon direban bas, akwai wasu. A can ba wanda ke cewa Yaya komai sai Mai Tsatsa, kuma yana amsawa da fara'a.

Abu ɗaya ne Yaya ba ya yi: ba ya haɗa launi yana kallon hoto ko samfur. Ya ce hoto ƙarya yake yi, samfur kuma na ɗan koyo ne. Jan tarago yana cikin kansa, ya haddace shi kamar sunan mahaifiyarsa. Ja zai zuba a murfin kwalba, ya ƙara ruwan ƙasa, sannan ya ɗebo shuɗi a bakin tsinke ya ɗiga don ya kashe masa haske. Ya gauraya, ya ɗaga wajen taga, ya ce ya yi. Kuma shekara da shekaru yana yi ɗin.

A kan wani taragon hatsi abin ya fara. Auta ya ɗora shi ƙarƙashin fitilar shago zai sa masa lamba, sai ya ga jan ya karkata. Ba da yawa ba. Ya ɗan yi sanyi ne, kamar fatar da aka buge ta kwana. Ya fito da shi rana, ya koma ciki, ya goge madubinsa. Abin yana nan. Da yamma ya nufi gidan Yaya yana shirya magana a hanya, yadda zai fara da yabon tsatsar kafin ya gangaro kan launin. Ya tarar da Yaya cikin nishaɗi yana ba jikokinsa labarin rumfa. Ya sha shayi, ya yi sallama, ya dawo da maganarsa a baki.

Washegari ya sayi fenti rawaya mai duhu, ya tsinka shi da tina har ya zama kamar ruwan shayin da aka yi wa rowar ganye, ya bi taragon da shi sau ɗaya kafin ruwan rufewa. Jan ya dawo gida. Ya ce a ransa kuskuren rana ɗaya ne, kowa yana yi.

Na gaba ya zo ya fi na baya. Na bayansa ma haka.

Abin da ke faruwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ido. Yanar ido ce ta fara rufe wa Yaya gani, kuma irin wadda ke sa mutum ya ga duniya ta yi rawaya-rawaya ba tare da ya sani ba. Yana haɗa jansa daidai, sai idonsa ya ce masa rawaya ta yi yawa, sai ya ƙara shuɗi. Da yana kallon samfur ne da abin ya zo da sauƙi, don samfurin ma zai gan shi da wannan rawayar ya bi shi a haka. Amma shi da abin da ke kansa yake gwadawa, kuma na kansa bai tsufa ba. Sai ya kama zagin kamfanonin fenti. Ya ce fentin yanzu ba fenti ba ne, an cika masa rawaya don a rage tsada, a zamaninsu da tuni an mayar musu da kayansu.

Kuma kada a ɗauka bai lura da aikin Auta ba. Ya lura. Yana karɓar taragon da aka gama ya ga ya fi yadda ya bayar da shi rawaya. Sai ya ɗora laifin a kan ruwan rufewa. Ya ce wannan ruwan na Auta yana ɓata masa aiki, amma tunda ba wani a kasuwa, zai riƙa yi masa tanadi. Tanadin shi ne ya ƙara shuɗi tun daga farko. Auta ya ga shuɗi ya ƙaru, ya ƙara rawaya. Yaya ya ga rawaya ta ƙaru, ya ƙara shuɗi. Dattawa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa a ɗakinsa yana gyara ɓarnar ɗan'uwansa cikin ladabi. Kafin a je ko'ina taragai suna isowa shago da launin bawon albasa, shunayya sak, kuma Auta sai ya rufe ƙofa rabi kafin ya buɗe kwalin don kada mai takalma ya leƙo.

A haka Auta ya zama mai fenti ba da niyya ba. Rawaya kawai ta daina isa, sai da ya koyi bi da ruwan goro a ƙasa, ya bari ya bushe, ya sake bi, ba tare da ya binne tsatsar Yaya da maiƙonsa ba, don waɗannan har yanzu ba mai yin kamarsu. Launuka suka riƙa hawa kan juna, jan ya sami wani zurfi da bai taɓa samu ba. A saman maɗaba'a aka ce tsufa ya ƙara wa Mai Tsatsa gwaninta. Direban bas ya ce idan ya kalli taragon har warin birki yake ji. Yaya ya shafa gemu ya ce abin a ido yake, ba a koyar da shi. Auta yana gefe yana ɗaure ƙugiyar taragai. Yabon yana masa daɗi, gaskiya ce, kuma yana jin kunyar daɗin.

Da a kan fenti abin ya tsaya, da babu wanda ya cutu. Amma Yaya yana hawa babur.

Babbar 'yarsa, wadda kowa ke ce wa Malama don koyarwa take yi, ita ta fara haɗa lissafin. Ya sa an canza ƙwan falo har ya gaji yana cewa na yanzu ba su da haske. Ya zuba ruwa a gefen kofi ya ce an motsa tebur. Ya wuce surukinsa a ƙofar gida bai gaishe shi ba. Sannan wata rana da hantsi ya shige da babur cikin tulin yashin da magina suka zube a gefen titi, saboda yashin da titin sun zame masa abu ɗaya. Ya kurje hannu da gwiwa, aka rako shi gida yana faɗa da magina.

Auta yana falon lokacin da Malama ta durƙusa tana wanke masa ciwon, tana cewa ta yi magana da asibitin ido, dubawa kawai za su yi. Yaya ba ya son zancen. Wani abokin aikinsa ya taɓa shiga a yi masa ido da daɗewa ya fito da sandar makafi, kuma tun daga nan ya ɗauki alkawarin ba mai kai masa wuƙa fuska. Tsoro yake ji, amma ba zai ce tsoro ba. Sai ya miƙa hannu kan katako ya ɗauko tarago ya sa mata a gaban hanci.

"Dubi nan. Makaho ne ya yi wannan?"

Malama ta duba. Aikin ba shi da makusa. Sai ta juya wajen Auta.

"Baffa, kai kake aiki da shi. Tsakaninka da Allah, ba ka ga wani canji ba?"

Yaya ma ya juyo. Auta ya kalli tabon maganin da ya ɗiga a kan leda. Ya ce aikin yana nan yadda yake, ya ma fi da kyau. Bai yi ƙarya a kan taragon ba, kuma ya san ƙarya ya yi.

Ba ta ƙyale shi ba. Ta biyo shago bayan an tashi daga makaranta, ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. Ba ta san komai game da fentin ba. Ta ce ita dai ta san mahaifinta ba ya gani, kuma duk gidan an sani, amma da an ɗaga maganar sai ya nuna katakon nan, bakin kowa ya mutu. Ta ce yau yashi ne, gobe ɗan wani ne zai tsallaka titi. Ta faɗa ba tare da ɗaga murya ba, ta gaishe shi ta tafi.

Auta ya zauna da agogon wani a hannu bai buɗe shi ba. Ya daɗe yana gaya wa kansa cewa mutuncin Yaya yake rufawa. Yanzu ya ga abin da yake yi a fili: shi ne yake ƙera wa Yaya hujja, duk wata sabuwa, ya shafe ta ya kai masa har gida. Idan Yaya ya makance ko ya take wani, da hannunsa a ciki. Idan kuma ya faɗa, to ya gaya wa mutumin da ya raine shi cewa abu ɗaya da yake taƙama da shi ya daɗe da barinsa, kuma ƙaninsa ne ke bin bayansa yana sharewa. Bai ga yadda za su ci gaba da zama ɗaki ɗaya bayan wannan ba.

Faɗa da baki ma ba zai yi ba, don Yaya zai kalli shunayyarsa ya ga ja. Sai ya ƙera taragai biyu iri ɗaya ya kai. Yaya ya yi musu fenti daga murfi ɗaya. Auta ya gyara ɗaya ya bar ɗaya. Sannan ya ce yana so ya auna wani ƙarfen ƙofa a jikin tsohon taragon nan da aka yasar a ƙarshen tashar kaya, ko Yaya zai raka shi, tunda shi ya san sunayen abubuwan. Yaya ya ce a hau babur. Auta ya hau baya rungume da kwali, bai taɓa yin addu'a mai yawa a tafiya gajeriya irin wannan ba.

Taragon yana can inda layin ya ƙare cikin ciyawa, ƙafafunsa sun nutse, mai gadi ya mayar da shi ɗakin ajiya. Waje duk ya koɗe. Amma da suka tura ƙofar da ƙyar, wurin da ta rufe shekara da shekaru ya bayyana, rana ba ta taɓa shi ba, ruwa bai taɓa shi ba. Yaya ya matsa ya kalla ya yi tsaki. Ya ce wannan ma wani ya sake masa fenti da irin na yanzu, ga rawayar nan. Auta ya kama hannunsa ya kai can ƙasa kusa da ƙarfen ƙofar. Masu fenti a rumfa kowa yana da alamar da yake bari a inda shugaba ba ya dubawa, ta Yaya ɗigo uku ne masu kauri a jere. Ya shafa da babban yatsa, ya sake shafawa. Alamarsa ce.

Auta ya buɗe kwalin ya jera ƙananan biyu a kan ƙarfen, jikinsu jingine da babban. Ɗaya ya shige cikin launin kamar an yanko shi daga nan. Ɗayan ya tsaya daban, kuma ko da yanar, bambancin ya fi ƙarfin a musa shi.

"Wanda ruwanka ya ɓata shi ne ya dace," in ji Yaya a hankali.

"Ba ruwan ba ne, Yaya. Fenti ne. Ni nake sawa."

"Tun yaushe?"

"Tun taragon hatsi."

Yaya ya juya ya kalle shi, ko dai ya kalli wajen da yake. Auta ya so a ce ya zage shi, ko ya ɗaga hannu kamar da, da ya fi masa sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sauka daga kan duwatsun layin yana laluben ƙasa da ƙafa, ya kama babur, bai tayar da shi ba. Tura shi ya yi har gida, Auta na biye da kwali.

Malama ce ta kira daga baya ta ce Yaya ya yarda a yi masa aikin ido, ba ta san abin da ya sauya shi ba. Ta kuma ce ya hana a gaya wa Baffa ranar. Aka yi ido ɗaya, bayan wani lokaci aka yi ɗayan. Auta yana zuwa dubiya da lemo a leda, Yaya yana amsa gaisuwarsa yadda ake amsa ta mai karanta mitar lantarki. An lulluɓe katakon falo da tsohon zani. Saman maɗaba'a Auta ya daina zuwa, don bai san me zai ce idan an tambaye shi Mai Tsatsa ba. Ya koma canjin batir. Ya yi abin da ya kamata, kowa zai ce haka, amma ya yi kewar yayansa har abinci ya daina masa daɗi, kuma akwai ranakun da ya yi da-na-sani.

Sai wata safiya saƙo ya zo ta bakin Malama: ya zo da tina da auduga.

Ya same shi a ɗakin baya, taga a buɗe, sabon tabarau a fuska. Ya sauke duk taragan shekarun nan ya jera a tebur, na da kuma ya bar su a kan katako. Ya ce yanzu yana gani har ƙurar da ke kan silin, kuma ashe bangon ɗakin nan fari ne. Sannan ya ce waɗannan ba nasa ba ne, ba na Auta ba ne, shi kuwa ba ya ajiye abin da bai san mai shi ba. Za a wanke su tas a koma roba, ya sake yi da idonsa. Tunda Auta ne ya sa, shi zai cire.

Auta bai yi musu ba. Ya zauna ya jawo wani taragon siminti, wanda ya fi shan wahala a kansa, ya jiƙa auduga ya fara gogewa a hankali daga gefe ɗaya. Ruwan rufewar ya narke. Rawayar ta biyo auduga, sai ruwan goron. Daga ƙasa launin Yaya ya fito, ɗanye, shunayya mai ƙarfi, faɗin yatsa biyu a tsakiyar jan.

Yaya ya ce ya tsaya. Ya karɓa ya kai taga. A tasha bambanci kawai ya gani, bai ga launin ba. Yau ya gan shi.

"Haka nake ba ka su?"

"Haka."

"Duka?"

"Na baya-bayan nan sun fi wannan."

Ya jujjuya shi, ya kalli wajen da aka goge, ya kalli wajen da ba a goge ba, inda tsatsarsa take nan ɗigo-ɗigo ba a binne ko ɗaya ba. Ya daɗe a kan wannan. Ya tambaya ko Auta bai taɓa yin dariya ba. Auta ya ce ya yi, a shago, shi kaɗai, sau da yawa kuma ba dariyar ba ce ta zo. Yaya ya cire tabarau ya goge da gefen riga, alhali likita ya hana shi, ya mayar.

"Rufe tinar nan," ya ce.

Ya laluba cikin gwangwaninsa ya zaro burushi, ɗaya daga cikin tsofaffin da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba, ya ajiye a gaban Auta tare da taragon.

"Mayar masa da naka. Ina so in ga yadda kake yi."

Auta ya ɗauka. Ya tsoma shi a fenti cikin gaggawa, har ya ɗiga rawaya a kan tebur. Yaya ya jawo kujera ya zauna dab da kafaɗarsa, ya ce ya yi a hankali, ba inda za su je.